Agogon Habasha a kwamfutar Yaya

Shagona yana layin masu gyaran waya a kasuwar Gadarif ta Sudan, tsakanin mai sayar da batura da wata mai shayi da gahawa. Waya nake gyarawa, amma in kwamfuta ta ƙi nan ake kawo ta, don an san ni da karambani. Shekarun baya Yayana ya kawo mini tasa, filash ɗin mutane sun cika ta da cuta har ba ta iya buɗe hoto ɗaya. Na goge komai na saka masa tsarin aiki na kyauta, irin wanda ba a saye, ba a kuma satar lambarsa. Da na gaya masa kyauta ne sai ya ce shi bai taɓa ganin abin kyauta da ya zo ba tare da wahalarsa ba. Ya sa ta a jaka ya koma gona.

Yaya manomin riɗi ne a Fashaga. Kwamfutar ba ta da wani aiki a wurinsa sai ajiye hotuna da karatun Alƙur'ani. Duk ganyen da ya ga ya canza kala sai ya ɗauka a waya, ya juye a cikinta, wai don ya gwada da na baɗi. Bayan girbin bara zazzaɓi ya kama shi, bai yi nisa ba Allah ya karɓi abinsa. Kwamfutar ta dawo hannun 'yarsa ta fari.

Yarinyar sunan mahaifiyarmu ta ci, don haka ba na faɗin sunanta, Uwata nake ce mata. Tana shekarar ƙarshe a jami'a a Khartum lokacin da yaƙi ya watsa kowa. Ta dawo Gadarif da kayan jikinta da waya, tata kwamfutar tana can a ɗakin kwanan ɗalibai, in har ɗakin yana nan. Ta yi zaman jira har ta daina maganar makaranta. Sai ga saƙo cewa malamansu sun haɗu daga inda kowa ya tsira, za su duba aikin kammalawa ta intanet. An ba ta ranar Alhamis da hantsi. Sharaɗin ɗaya ne, manhajar da ta rubuta ta tashi ta yi aiki a gabansu suna gani. Wanda tasa ta ƙi, sai wani zagayen, kuma babu wanda ya san yaushe ne wani zagayen.

Manhajar tata tana duba hoton ganyen riɗi ta faɗi cutar da ke jikinsa, da hotunan ubanta ta gina ta. Rubutun yana cikin wayarta, bai ɓata ba. Abin da babu shi ne tafintan. Yaren da ake rubuta irin wannan manhaja kwamfuta ba ta jin sa kai tsaye, sai an saka mata wani abu da zai karanta rubutun ya gudanar da shi, shi nake kira tafinta. Akwai tsohon tafinta a kwamfutar Yaya, wanda ya zo tare da tsarin, amma aikinta sabo yake so. Ta gwada sakawa a gida ya ƙi, shi ne ta ɗauko ta zo shago ranar Asabar, takalmanta sun yi nauyi da baƙar lakar damina.

"Baffa, ya ƙi nazzalawa," ta ce, wato ya ƙi sauka.

"Ajiye nan. Kafin shayinki ya huce an gama."

Haka na ce, kuma mai shayi ta ji ni.

Da na buɗe, abin da na fara gani a kusurwar allo shi ne agogo. Rana ta ɗaga, kasuwa ta cika, shi kuwa yana nuna ƙarfe huɗu da wani abu. Na kai hannu zan gyara, ta dafe mini yatsa.

"Bar shi, Baffa. Sa'ar Baba ce," ta ce, wato agogonsa.

Na san labarin. Masu yankan riɗi daga Habasha suke tsallakowa ta Galabat, kuma su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe ɗayansu da sassafe ne. Wata shekara shugabansu ya ce wa Yaya ya zo da mota ƙarfe ɗaya. Yaya ya yi sallar azahar ya isa, ya tarar sun jira tun safe har wani manomi ya kwashe su. Riɗi kuwa ba ya jira, in ya nuna ba a yanke ba fashewa yake ya zube a ƙasa. Rabin gonar tsuntsaye da tururuwa suka ci. Tun daga nan ya mayar da agogon kwamfutar irin nasu, yana cewa waya tasa ce, kwamfuta ta mutanensa ce. Har a gida in zai tashi yara da safe sai ya ce ƙarfe ɗaya ta yi, malalata. Na janye hannuna, don awa biyar gaba ko baya ba ta hana komai sauka a sanina.

Na haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayata, na buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta umarni. Na ce ta ɗauko sabon tafinta daga rumbun da masu tsarin suke ajiye manhajoji. Ta ce ba ta ga rumbun ba. Wannan ban yi mamaki ba, tsarin ya tsufa, masu shi sun kwashe kayansa sun mayar wani adireshi. Na nemo sabon adireshin a waya na rubuta mata. Ta fara, ta tsaya, ta ce babu wuri. Hotunan ganye sun cinye cikinta. Na ce mu rage hotuna, Uwata ta kalle ni irin kallon da mai sunanta take yi mana muna yara. Na je na share tarkacen da tsarin ya tara wa kansa, na samu ɗan fili. Ina sake ba da umarni aka ɗauke wuta, batirin kuwa ya daɗe da mutuwa, allo ya yi baƙi. Mai shayi ta leƙo ta tambaya ko ta ɗumama shayin.

Washegari da safe aikin farko shi ne gyara abin da ɗaukewar wuta ta bari rabi da rabi. Na ari layi daga solar ɗin mai batura don kada a maimaita. Daga nan sai kwamfutar ta kama wata magana guda ta riƙe. Duk inda na aike ta sai ta dawo da dogon rubutun Turanci, a ƙarshensa ta ce ba ta amince da shaidar wancan wurin ba, ba za ta karɓi komai daga gare shi ba. Ni kuwa wannan magana na san ta, ko na ɗauka na san ta. Mu da muke Sudan mun saba, shafuka da yawa in suka ga daga inda kake sai su rufe ƙofa, ba laifin da ka yi. Na buga teburi na ce shi ke nan, sun sake toshe mu.

"Ka tabbata hazar ne?" in ji ta. Toshewar take nufi.

"Uwata, tun ba ki iya ɗaura ɗankwali ba nake fama da mutanen nan."

Na saka wa wayata manhajar da ke sa a ɗauka kana wata ƙasa. Kwamfuta ta ce ba ta amince ba. Na canza ƙasa, ta ce ba ta amince ba. Na zagaya duniya daga kan bencina, amsar ba ta canza ba. Na canza layin waya, na hau rufin shago neman shabaka, wato sabis, mai ƙarfi, na sauko da tsatsa a riga. Raina ya ɓaci ƙwarai, har wani da ya kawo waya mai fasasshen gilashi na ce masa ya je layi na gaba, ba mu kaɗai ba ne a kasuwa.

A nan ne na yi tunanin cire tsohon tafintan, ko shi ne yake kishi da sabon. Na rubuta umarnin. Allah ya sa kafin ta cire sai ta jero abin da zai tafi tare da shi, jerin ya cika allo ya wuce, har da abin da ke nuna tagogi da linzami. Ashe rabin tsarin a kan tsohon yake tsaye. Na ce wa kwamfutar a'a, na jingina da bango.

Na ce wa Uwata hanya mafi sauƙi ita ce in kwashe hotunan a filash, in goge komai, in saka sabon tsari. Aikin rabin yini ne.

"Abadan," ta ce. "Yadda ya bar ta haka za ta zauna."

"To mu ari ta wani."

"Ta wa? Duk mai labtob a garin nan imtihan yake yi da ita."

Gaskiyarta. Gari ya cika da waɗanda suka gudo, kowane gida akwai ɗalibi mai jiran irin Alhamis ɗinta. Tawa kuwa tuni na ciccire kayanta na gyara na mutane. Na yi mata faɗa, na ce kwamfuta ƙarfe ce da roba, ubanta ba ya cikinta. Ta naɗe wayar caja ta sa a jaka. Maganar ta dame ni har gida, don ni ma rigarsa ɗaya tana rataye a ɗakina ban bari an wanke ba.

Ranar Talata na zo da wata dabara. In kwamfutar ba za ta karɓa daga waje ba, sai in kawo mata da hannu. Na sauke ɗanyen rubutun tafintan a wayata, wanda ake harhaɗawa a kan kwamfutar kanta, na juye mata ta filash. Da na kwance ƙunshin sai ta zubo gunaguni, layi bayan layi, ya wuce da gudu ban bi ta kansa ba tunda bai hana aiki ba. Na sa ta fara harhaɗawa. Fankarta ta ɗauki kuka, na ɗora ta a kan bulo biyu don ta sha iska. Muka ci waken ful, muka yi azahar, muka dawo, tana nan tana aiki. Da na lura sai na ga rubutu iri ɗaya ne yake dawowa. Takan yi nisa, sai ta koma farko ta sake shiri, kamar jakin da aka ɗaure a turke. Har la'asar ba ta matsa ba.

Laraba da safe Uwata ta zo da idanu a kumbure. Ta zauna a benci ta ce in ba zai yiwu ba in gaya mata yanzu, ta rubuta wa malamin cewa ta janye, ya fi mata a kan ta kunyata a gabansu. Na ce ta matso kusa, Turancinta ya fi nawa, yau ba gudu za mu yi ba. Zan sake aika ta rumbu, ita kuma ta karanta mini duk abin da ta rubuto tun daga layin farko, ta fassara, ko da shirme ne.

Ta sa yatsa a allo tana bi. Layin farko adireshi ne, na biyu ma haka. A wajen na biyar ta tsaya.

"Wai fayil ɗin rumbun lissa lokacinsa bai yi ba. Wai sai nan da kwana kusan dubu uku zai fara aiki."

"Kwana me?"

"Haka ta rubuta, Baffa."

Na yi tsaki na ce wane irin fayil ne za a ajiye yau a ce sai bayan shekara takwas. Ina rufe baki na tuna da agogon. Na jawo kwamfutar na rubuta umarnin da ke nuna kwanan wata cikakke, wanda kusurwar allo ba ta nunawa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Ba awa kaɗai Yaya ya mayar ba, har wata da shekara. Habasha suna da kalandarsu, tana bayan tamu da shekara bakwai da watanni, kuma masu yanka da ita suke cewa za su zo bayan idinsu, ran kaza ga watan kaza. Ya kashe abin da ke saita agogo daga intanet, ya rubuta shekararsu da hannunsa. Tunda watanninsu ba su yi daidai da na kwamfuta ba, dole duk ƙarshen wata yana zama ya gyara kwanan. Ni ƙaninsa da na saka masa tsarin ban taɓa sani ba.

Sauran bayanin bai ɗauki lokaci ba. Kowace shaida ta intanet tana da ranar da ta fara aiki, kwamfutar kuwa a ganinta ranar ba ta zo ba, shi ya sa take ƙin amincewa. Fayilolin da na kawo a filash kuma tana ganinsu kamar daga gaba suka zo, kullum sun fi abin da ta harhaɗa sabunta, sai ta koma ta sake. Babu wanda ya toshe mu a wannan karon. Na ba mutanen waje haƙuri a zuciyata, kaɗan dai, don suna da sauran laifi a wurina.

"Yani sai an canza sa'ar," ta ce.

"Sai an canza. Shekarar da komai."

"In an gama a mayar?"

Na gaya mata gaskiya. Bayan tafintan akwai ƙananan kayan da manhajarta take nema, su ma daga intanet za su zo. Gobe kuma da wannan kwamfutar za ta shiga zauren malaman, shi ma ba zai buɗe ba in shekarar ba daidai ba. Har a gama jarrabawa dai agogon namu zai bi.

Ta daɗe tana kallon kusurwar allon. Na yi niyyar in ce mata minti ɗaya ne aikin, na tuna abin da bakina ya jawo ranar Lahadi, na kama kaina. Mai batura ya leƙo yana tambaya ko mun gama da layinsa, na yi masa alama da hannu ya koma. Can ta ɗaga wayarta ta ɗauki hoton allon, da awar da kwanan watan. Sannan ta jawo kwamfutar gabanta.

"Nuna mini wurin. Ni zan yi."

Na nuna mata. Ta kunna abin da ubanta ya kashe. Agogon ya ɗan tsaya, sai ya yi tsalle ya dawo daidai da na wayata. Ta goge fuska da gefen mayafi ta ce in ba da umarnin.

Abin da ya ci mana kwanaki bai kai tsawon shan shayi ba. Rumbu ya buɗe, sabon tafinta ya sauka ya zauna kusa da tsohon ba tare da rigima ba, ƙananan kayan suka bi bayansa. Ɗaya ya yi gardama don ta rubuta sunansa ba daidai ba, ta gyara. Ta kira manhajarta, ta ba ta hoton wani ganye mai ɗigon ruwan ƙasa, manhajar ta faɗi sunan cutar. Mai shayi ta kawo shayi ba a aike ta ba, ta ce wai na ranar Asabar ne ya huce.

Alhamis na rufe rabin ƙofar shago, na kori masu kawo waya, na roƙi mai injin niƙa na bayanmu ya dakata. Malamai uku suka bayyana a allo, kowa daga garin da yake, muryar ɗaya tana yankewa. Na zauna a gefe inda kyamara ba ta kama ni. Uwata ta yi bayani da Larabci, ta gudanar da manhajar, ta ba ta hoto bayan hoto, tana amsawa. Na fara sakin jiki.

Sai babban cikinsu, wani mai furfura, ya ce ta buɗe masa jakar hotunan ya gani. Ta buɗe. Ya matso da fuskarsa kusa da allo. Ya ce a rubutunta ta ce hotunan na daminar bara ne daga gona a Fashaga, amma ga kwanan watan da ke jikinsu, mafi sabo a ciki ya kusa shekara tara. Ya ce lokacin ko jami'a ba ta shiga ba. Ya tambaye ta kai tsaye daga ina ta kwaso su, don aikin da aka gina a kan kayan wani ba ya wucewa a wurinsa.

Ban yi tunanin wannan ba sam. Kwamfutar ta buga wa kowane hoto shekarar Habasha ranar da Yaya ya juye shi, yanzu kuma da agogo ya dawo namu sai suka koma tsofaffi. Na miƙe zan yi magana, ta ɗaga mini hannu ta ƙarƙashin teburi.

Ta ce hotunan mahaifinta ne ya ɗauka. Ta ba su labarin masu yankan riɗi da motar da ta makara. Ta ɗaga wayarta ta nuna hoton allon da ta ɗauka jiya, da awar da shekarar. Sannan ta buɗe hoto na ƙarshe a jakar. Ba ganye ba ne, tarin riɗi ne da aka yanke aka jingina a tsaye, ga inuwar mai ɗaukar hoton ta faɗo a kai, da hularsa.

"Wannan sati biyu kafin ya rasu ne," ta ce. "Bara, ya Duktur. Jiya na canza sa'arsa don in shigo wurinku."

Mai furfura ya cire tabarau ya ce Allah ya jiƙansa, ya ce shi ma ɗan manomi ne. Ya ce ta rubuta wannan bayani a cikin aikin, a shafin hotuna, don mai karantawa na gaba. Suka yi 'yar shawara a tsakaninsu, ya ce mabruk, ta wuce.

Da allon ya rufe ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ni ne na juya na kama gyara wayoyin da ke kan kanta, waɗanda ba su buƙatar gyara. Na ji daɗi, na kuma ji kewar Yaya fiye da ranar da muka binne shi. Na ce mata ba tare da na juyo ba, yanzu in tana so sai a mayar da agogon, manhajar za ta ci gaba da aiki. Ta ce a'a, za ta nemi aiki da kwamfutar, kuma ba za ta iya gyara kwanan duk wata kamar yadda yake yi ba. Ta rufe ta, ta sa a jakarsa.

A bakin ƙofa ta tsaya tana gyara mayafi.

"Baffa, ƙarfe nawa?"

Na duba waya, sha ɗaya ta yi. Na ƙirga da yatsu a cikin aljihu.

"Shida," na ce.

"Tamam," ta ce, ta tafi gaya wa uwarta.